Hatsarin Washington: Iyakar abin da allon matuƙin jirgi zai iya yi

A daren 29 ga Janairun 2025, jirgin fasinja na American Airlines ya yi karo da jirgin soja mai saukar ungulu a saman kogin Potomac, dab da filin jirgin sama na Reagan a Washington. Mutum 67 suka rasu. Tun daga lokacin Amurka ke muhawara kan yadda matuƙi zai san jiragen da ke kewaye da shi.

Manyan jiragen fasinja na ɗauke da na'urar TCAS, wadda ke nuna jiragen kusa a allon gaban matuƙi. Idan haɗari ya matso, takan yi gargaɗi, sannan ta umarci a yi sama ko ƙasa. Sai dai an tsara ta daina ba da umarni a ƙasa da kimanin ƙafa 1,000, gudun kada jirgi ya doki ƙasa. Karon ya auku a tsayin kusan ƙafa 300, don haka gargaɗi kawai matuƙan suka samu, kimanin daƙiƙa 19 kafin aukuwarsa.

Shi ya sa hankali ya koma kan tsarin ADS-B. Tun 2020 Amurka ta wajabta ɓangarensa da ke shelanta matsayin jirgi, amma ba ta wajabta ɓangaren da ke nuna wa matuƙi alƙiblar maƙwabtansa da saurinsu ba. A Yulin 2025 Sanata Ted Cruz ya gabatar da ƙudirin cike wannan giɓi. Jirgin sojan kuwa ba ya shelanta matsayinsa ta wannan tsari a daren.

Amma na'ura ba ta amfani sai da ƙa'ida. A 2002, a Überlingen ta Jamus, matuƙan jirgin Rasha sun bi maganar jami'in kula da zirga-zirgar jirage maimakon umarnin TCAS, mutum 71 suka mutu. Daga nan aka tsaurara ƙa'idar fifita umarnin na'urar.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gano cewa daga Oktoban 2021 zuwa Disamban 2024 jiragen fasinja da masu saukar ungulu sun kusanci juna sau 15,214 a yankin. A Maris na 2025 aka rufe hanyar da jirgin sojan ya bi. Allo na ƙara wa matuƙi daƙiƙoƙi masu daraja, amma raba hanyoyin jirage aikin hukuma ne, kuma alƙaluman sun daɗe suna nuna buƙatar hakan.