Dajin Birnin Gwari da yaran da ba su san sunan bishiya ba

Akwai kalmar da ma'anarta ta sauya a bakin Bahaushe cikin 'yan shekarun nan, ba tare da wani ya zauna ya yanke hukuncin sauya ta ba. Kalmar ita ce daji. A da idan aka ce wane ya tafi daji, ana nufin ya tafi gona mai nisa, ko kiwo, ko yin itace, ko farauta, ko haƙo saiwar magani. A yau idan yaro ɗan shekara goma a Rigasa ko Tudun Wada ya ji an ce an shiga daji da wani, abin da yake fahimta shi ne an sace mutum, 'yan uwansa na jiran kiran waya. Sunayen Kamuku da Kuyambana da Kusasu ba ya jin su sai a labaran rediyo, haɗe da 'yan bindiga da jiragen yaƙi. Ba laifinsa ba ne, abin da ya buɗi ido ya tarar ke nan.

Ya kamata a gaya masa cewa dajin nan yana da wani tarihi kafin wannan. Tun a 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun dajin En'e ta Birnin Gwari, sannan a 1999 gwamnatin tarayya ta ɗaga darajarsa ya zama Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120, yana iyaka da dajin Kuyambana na jihar Zamfara. Daji ne na doka da maje da kawo da taura da kaɗanya da ɗorawa. An san shi da giwa da gwanki da kanki da gada da gadu da gwaggon biri, ga tsuntsaye iri fiye da 170, har da burtu, wanda mafarautanmu ke sa kansa a goshi su yi rarrafe don su yaudari namun dawa. A cikinsa ne magangarar ruwa ta Dogon Ruwa take, da Goron Dutse, da Tsaunin Rema. Duk wannan yana da nisan kilomita ɗari da 'yan kai ne daga Kaduna, tafiyar da motar makaranta za ta yi da hantsi ta dawo kafin magariba. Amma yaran da aka haifa a Kaduna cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce, ƙalilan ne a cikinsu suka taɓa jin cewa akwai irin wannan wuri a jiharsu.

Ba za mu yaudari kowa ba. Tsoron da iyaye suke ji yana da dalili. A daren 11 ga Maris, 2021, an shiga Kwalejin Koyon Aikin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, a bakin garin Kaduna, aka tafi da ɗalibai 39, wato waɗanda suka zo koyon kula da daji su ne aka kora cikinsa da bakin bindiga. A ranar 7 ga Maris, 2024, aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, a kan hanyar Birnin Gwari, sai bayan fiye da mako biyu aka dawo da 137. A ƙarshen Nuwamba na shekarar ne Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar shanu da ta shafe shekaru a rufe, bayan sulhun da aka ƙulla. Muna roƙon Allah Ya dawwamar da zaman lafiya. Sai dai buɗe kasuwa daban, miƙa amanar yara arba'in ga daji daban. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma duk shugaban makarantar da ya ɗebi ɗalibai ya nufi Kamuku kafin hukumomin tsaro da masarauta su tabbatar da amincin wurin, ya yi ganganci da abin da ba nasa ba.

Abin da muke magana a kai shi ne yadda tsoron dajin nesa ya bi mu har cikin gida, ya rufe wa yara ƙofa. Dubi yinin yaron birni daga gidan masu matsakaicin hali. Ana sa shi a mota ko adaidaita da sassafe zuwa makarantar boko, wadda sau da yawa gidan haya ce da aka mayar da ɗakunanta ajujuwa, tsakar gidan kuma an shafe ta da siminti. Ya dawo da azahar, ya ci abinci, ya wuce Islamiyya har kusan magariba. Asabar da Lahadi akwai hadda. Ɗan lokacin da ya rage, yana kan wayar mahaifiyarsa ko gaban talabijin. Mako guda zai wuce ƙafarsa ba ta taka ciyawa ba. Iyayen suna ganin sun tsare shi, kuma ta wata fuska sun tsare shi ɗin. Amma tsaron ya zo da kuɗinsa, kuma yaron ne yake biya.

Malaman Islamiyya su ne ya kamata su fara ganin asarar, domin tana bayyana a cikin darasinsu kullum. Littattafan fiƙihu da muke karantarwa, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, an rubuta su ne ga ɗalibin da ya san sama da ƙasa. Ana gaya masa lokacin azahar yana shiga idan rana ta karkata daga tsakiya, zaɓaɓɓen lokacinta kuma yana kaiwa har inuwar abu ta yi tsawonsa bayan inuwar zawali. Ana gaya masa isha'i tana shiga da ɓacewar jan shafaƙi, asuba kuma da alfijir na gaskiya mai bazuwa a gefen sama, saɓanin na ƙarya mai miƙewa tsaye. Yaron zai haddace wannan ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa kafa sanda a ƙasa ya auna inuwa ba, bai taɓa tsayawa a fili ya ga yadda shafaƙi ke dusashewa ba. Lokacin salla a wurinsa lamba ce a fuskar waya. Haka babin zakka: nisabin tumaki da awaki 40, na shanu 30, na raƙuma 5, na hatsi wusuƙi 5. Wanda bai iya bambance gero da dawa a tsaye a gona ba, wace sura yake da ita a ransa idan ana wannan lissafi? Kuma ga Alƙur'ani da kansa, surori nawa ne aka sa wa sunan saniya da kudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa, da tsawa da tauraro da wata da rana da ɓaure? Suratul Gashiya tana jan hankalin mai karatu zuwa ga raƙumi da sama da duwatsu da shimfiɗar ƙasa. Umarnin dubawa ne, kuma ba a cika shi da hadda kaɗai.

Ƙuraishawa mutanen birni ne, 'yan kasuwa, amma al'adarsu ce su aika jariransu ƙauyen Larabawa don su sha iska mai kyau, jikinsu ya yi ƙwari, harshensu ya miƙe. Da haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shekarunsa na farko a hannun Halimatus Sa'adiyya cikin Banu Sa'ad, daga baya kuma ya yi kiwon tumaki ga mutanen Makka. Akwai wani hadisi a Buhari da ya dace malamai su tsaya a kansa. Wata rana ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Manya suka yi ta kawo sunayen itatuwan jeji. Abdullahi ɗan Umar, wanda shi ne ƙarami a wurin, ya gane dabino ake nufi, kunya ta hana shi faɗi. Abin lura shi ne an yi wa jama'a tambayar da sai wanda ya san itatuwa zai amsa ta, kuma yaron cikinsu ya sani. Da malamin Islamiyya a Kano ko Zariya zai tambayi ajinsa yau wace bishiya ce a ƙasar Hausa take kakkaɓe ganyenta da damina ta yi kore shar da rani, yara nawa za su ce gawo? Alhali kakanninsu sun san shi, sun san dalilin da ya sa manomi ba ya sare shi a gona: yana ba dabba inuwa da abinci lokacin da komai ya bushe, kuma ba ya tare wa shuka rana lokacin da take bukatarta.

Likitoci ma suna da abin cewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada zamansa gaban waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya. An kuma tabbatar da cewa hasken rana na waje yana rage wa yara haɗarin kamuwa da rashin ganin nesa. Wannan ne ya sa ƙasar Taiwan, inda matsalar ta yi ƙamari, ta buƙaci makarantunta tun 2010 su riƙa fitar da yara waje na minti 120 a kullum.

Wani zai ce ai yaranmu ba su rasa waje ba, ga su nan cike da layi, ga almajirai suna yini a rana. Titi ba shi muke nufi ba. Yaron da ke yawo tsakanin hayaƙin mota da kwata da bola, ba mai kula da shi, wani nauyi ne dabam da ke wuyan al'umma, kuma mun sha magana a kansa. Abin da muke kira gare shi fita ce da babba a gaba, zuwa inda akwai ƙasa da itace da ruwa da tsuntsu, a lokacin da ya dace, a dawo kafin faɗuwar rana kamar yadda sunna ta koyar game da tsare yara da almuru. Babban nan kuma shi ne zai hana su faɗawa kududdufi, inda ake rasa rayuka duk damina, ake kuma kwasar tsargiya.

Wuraren ba su ƙare ba. A Kaduna akwai lambun Gamji, wanda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina, a bakin kogi, da tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. A Kano akwai Dala da Gwauron Dutse da gidan namun daji na Audu Baƙo. A Zariya akwai Kufena da harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru mai yawan itatuwa. Kusan kowane gari yana da fadama a gefensa inda masu lambu ke noman rani, kuma mai lambu ba ya ƙin a kawo masa yara ya nuna musu yadda ake dashen albasa, in dai an nemi izininsa an kuma hana su tattake masa kwami. Makarantar Islamiyya da za ta ware safiyar Asabar ɗaya a wata ta yi darasin lokutan salla a filin Idi da sanda da igiyar awo, ba ta rage komai daga karatu ba. Kuma a tafi da 'yan mata, tare da malamansu mata, domin su ne aka fi kullewa, su ne kuma gobe za su rene wasu. Mahaifin da ke da ƙauye mai aminci ya kai iyalinsa lokacin kaka, kada ya bari sai rasuwa ko biki. Masallacin unguwa da ke tara kuɗin tayil da fanka zai iya dasa darbejiya ko mangwaro biyar a harabarsa, ya damƙa wa kowane rukunin yara bishiya ɗaya su riƙa ba ta ruwan alwala. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi.

Akwai kuma malaman da ba a lura da su ba. Rikicin shekarun nan ya koro iyalai masu yawa daga ƙauyukan Birnin Gwari zuwa cikin garin da Kaduna da Zariya da Funtuwa. A cikinsu akwai dattawa manoma da makiyaya da mafarauta da suka san sawun kowace dabba, suka san zuwan shamuwa alamar damina ce, suka san Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta a sama. Yau wasunsu suna gadi, wasu suna zaune a ƙofar masallaci ana ganinsu a matsayin 'yan gudun hijira kawai. 'Ya'yansu da jikokinsu sun zama yaran birni ba da zaɓinsu ba, kuma ilimin yana tafiya da masu shi ɗaya bayan ɗaya. Makarantar da ta gayyaci irin wannan dattijo ya raka ɗalibai bayan gari, ta ba shi ɗan abin hasafi, ta amfanar da yaran, ta kuma mayar masa da mutuncinsa.

Sauran magana tana ga masu mulki. Unguwanni sababbi suna tashi a gefen Kaduna da Kano, ana yanka fuloti har bakin rafi, ba a bar wa yara ko taku hamsin ba, filayen makarantun gwamnati kuma ana zagaye su da shaguna. Keɓe ƙasa don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci: Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Hukumomin tsara birane su wajabta fili da itatuwa a kowace sabuwar unguwa, kada kuma a ba makaranta lasisi in ba ta da wurin da yara za su gudu. Game da Kamuku kuwa, muna kira ga gwamnatin jihar Kaduna da Hukumar Gandun Dajin Ƙasa da masarautar Birnin Gwari ƙarƙashin Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II da su sa gandun cikin lissafin sulhun da ake yi, tun kafin masu gawayi da masu yankan katako da masu haƙar zinare su gama da abin da bindiga ta bari. A mayar da ma'aikatan gandun bakin aikinsu, a ƙidaya abin da ya saura na dabbobi da itatuwa, a faɗa wa jama'a gaskiyar abin da aka samu. Ranar da aka tabbatar da amincin hanyar Dogon Ruwa, ɗaliban makarantun cikin garin Birnin Gwari ne suka fi cancanta su fara zuwa, sannan na Kaduna su biyo baya.