Kada A Bari Jirgin Ƙasan Abuja Ya Sake Tsayawa

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan shiga Abuja daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Tafiyar kusan kilomita 40 ce, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, shatar tasi ta fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa.

Ga magani kuwa a hannu: jirgin ƙasan da ke tashi daga filin, ya bi ta Idu inda ake hawa na Kaduna, ya dire tsakiyar birni. Shugaba Buhari ya buɗe shi a 2018, korona ta tsayar da shi a 2020, bai dawo ba sai Mayun 2024. Shekara huɗu cur yana ajiye, alhali da bashin ƙasar Sin aka yi aikin.

Kirana ga hukuma, a kula da gyara, a riƙa sanar da lokutan tashinsa a rediyo, a kuma tanadi bas-bas daga tasha zuwa Kasuwar Wuse. In talaka ya sauka ya sake neman shata, ai an yi ba a yi ba ke nan.

Wassalam.

Wani ɗan kasuwa, Zariya.