Ƙwayar "Cika Mama" a Kasuwar Ƙauye: Wa Ya Auna Ta?

A hutun da ya wuce, da muka koma gida Shanono, mun ga wani abu ran kasuwa wanda har yanzu yake damunmu. Wani mai tallar magani ne ya baza kolinsa a tabarma kusa da masu gyaɗa, mata na zuwa jefi-jefi, waɗansu kuma na aiko da yara, ana sayen waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ya ce suna cika mama, suna mai da tsohuwa yarinya. Muka karɓi kwalin muka duba. Ashe ƙwayar tazarar haihuwa ce mai sinadarin isturojin, wadda ka'idarta ɗaya ce a rana, amma shi yana cewa a sha biyu da safe, biyu da dare, ba hutu, sai an ga canji. Bai ɓoye mana kome ba, domin shi kansa bai san abin da yake sayarwa ba.

Isturojin dai ba guba ba ne. Jikin kowace mace yana yin sa, shi ne ma ke sa ƙirgen dangi lokacin balaga. Aikinsa a mama shi ne ya sa ƙwayoyin halittar da ke cikin hanyoyin nono su riƙa rabuwa suna yawaita. To, duk sa'ad da ƙwayar halitta za ta rabu, sai ta kwafi bayanan da ke cikinta, a wurin kwafin nan kuwa kuskure kan auku. Idan rabuwa ta yi yawa, ƙofar kuskure ta ƙara faɗi. In kuwa da ma akwai ƙwayar da ta fara lalacewa, isturojin ya zame mata taki, manoman Shanono kuwa sun fi mu sanin cewa taki ba ya tantance dawa da ciyawa. Tun a 1896 wani likita a Gilasgo, George Beatson, ya lura cewa da ya cire wa wata mai sankarar mama ma'ajiyar ƙwanta, watau inda sinadarin ke fitowa, sai ƙarin ya ja da baya.

Saboda haka magana tana ga ma'auni: nawa aka sha, da me aka haɗa, kullum ne ko da hutu, kuma shekara nawa. Ƙwayar farko da aka yarda da ita a Amurka a 1960 tana da maikurogiram 150 na isturojin. Da aka ga tana daskarar da jini a jijiyoyin waɗansu mata, aka yi ta rage shi, har yawancin na yau suka tsaya a wajen 30. Matar da ke shan huɗu a rana ta koma irin ma'aunin da likitoci suka gudu daga gare shi. Cikar da take gani kuwa yawancinta kumburi ne da ruwa, da ta daina sai ya sace.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga matan da ake ba sinadarin bayan ɗaukewar al'ada. A 2002 aka dakatar da wani gwaji a Amurka mai mata fiye da 16,000, domin masu shan isturojin haɗe da furojestin kullum sun fi sauran kamuwa da sankarar mama, ƙarin kamar mace 8 cikin 10,000 a kowace shekara. A 2019 kuma mujallar Lancet ta buga wani nazari da ya tattara bincike masu yawa. Ya nuna cewa idan mata 'yan shekara 50 suka yi shekara biyar suna sha, za a sami ƙarin mai sankara ɗaya cikin 50 in ana haɗa furojestin kullum, ɗaya cikin 70 in ana haɗa shi na waɗansu kwanaki kaɗai a wata, ɗaya cikin 200 in isturojin ne zalla. Tsarin shan kawai ya kawo wannan bambanci. Waɗannan fa mata ne da likita ke duba su, yana auna musu. Ina ga wadda mai tabarma ne likitanta?

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba muna cewa mata su guji ƙwayar tazarar haihuwa ba ne. In an sha ta bisa ka'ida haɗarinta ga mama kaɗan ne, yakan kuma gushe kamar shekara goma bayan an daina, har ma tana rage sankarar mahaifa da ta ma'ajiyar ƙwai. Haihuwar kunika ta fi ta kashe mata a ƙauyukanmu nesa ba kusa ba. Tsoronmu ma shi ne ranar da wata ta kwanta saboda shan huɗu-huɗu, a ɗora laifin a kan ƙwayar da ake bayarwa a asibiti, mata su ƙaurace mata gaba ɗaya.

Sankarar mama ita ce sankarar da ta fi kama matan Nijeriya, yawancinsu kuma ba sa isa asibiti sai abu ya yi nisa. Matar da ta ji ƙulli a Shanono sai ta nemi izinin miji da kuɗin mota kafin ta kai Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, in kuwa aka ce gashi za a yi mata, wataƙila sai Shika.

Doka ta riga ta hana tallar magani a kasuwa da tasha, hukumar NAFDAC kuwa tun 1993 take nan. Muna kira ga 'yan'uwanmu da suka kama aiki a sashen lafiya na ƙananan hukumomi da su riƙa leƙa kasuwa ran da take ci. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta shirya 'yan'uwanmu mata masu karatun likita da ungozoma su shiga gidaje a hutu mai zuwa, domin wannan magana ce da uwa ba za ta yi da ɗanta namiji ba, ko da ya zo da digiri.