Matoshin Hawaye: Inda Haƙuri Yake da Amfani, da Inda Yake Cutarwa

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu takan sauko daga Sahara, ta ƙetare iyakar Nijar a Maigatari, ta bazu Gumel da Sule Tankarkar da Gagarawa. A tsakiyar wannan lokaci laimar iska da rana takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, kowa ya nemi man shafawa. Ido ma yana bushewa kamar yadda fata take bushewa, sai dai nasa ba ya bayyana a fili. Mai shi ne kaɗai yake jin raɗaɗi da ƙaiƙayi, da wani abu mai kama da yashi a ƙarƙashin fatar ido.

Ga yawancin mutane, maganin ɗigawa mai kwaikwayon hawaye ya wadatar. Ga wasu kuwa bai isa ba, sai likitan ido ya kawo shawarar wani ɗan ƙaramin aiki: toshe kafar da hawaye yake bi ya fita daga ido, da wani matoshi wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Aikin ba ya wuce 'yan mintoci. Wahalar tana zuwa daga baya, bayan mutum ya koma gida, ya ji idon yana sukarsa ko yana ta zubar da ruwa, ya rasa wanda zai tambaya. Gumel tana da nisan kimanin kilomita 120 daga Kano, inda manyan asibitocin ido suke, irin su Asibitin Ido na ECWA da Asibitin Makkah da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Wannan nisa shi ne ya sa batun ya zama abin tattaunawa. Bai kamata a sanya wa mutumin ƙasar Gumel matoshi ba sai an tanadi wanda zai duba shi kusa da gida, an kuma bambance masa ciwon da zai daure da wanda jimrewa a kansa ganganci ne.

Yadda hawaye yake shiga, da yadda yake fita

Hawayen da yake jiƙa ido dare da rana ya ƙunshi abubuwa uku. Akwai ruwa, wanda wata matatsa da ke sama da ido ta gefen waje take samarwa. Akwai majina mai yauƙi, wadda take manna ruwan a jikin ƙwayar ido. Akwai kuma mai, wanda yake fitowa daga wasu ƙananan matatsai da suka jeru a bakin fatar ido, sama da ƙasa, yana lulluɓe ruwan don kada iska ta shanye shi. Duk ƙiftawa ɗaya tana shimfiɗa sabon rufi a kan ido.

Wanda ya ja fatar idonsa ta ƙasa a gaban madubi zai ga wani ɗan ɗigo a lungun da ke kusa da hanci. Wannan ita ce kafar hawaye. Kowane ido yana da biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Daga nan hawaye yake bin siririyar hanya zuwa wata 'yar jaka a gefen hanci, ya gangara cikin hancin. Shi ya sa mai kuka yake jan majina, shi ya sa kuma wanda ya ɗiga magani a ido wani lokaci yake jin ɗacinsa a maƙogwaro.

Matoshi yana aiki irin na manomin fadama da ya datse bakin kwami don ruwa ya daɗe a cikinsa. Datsewar ba ta ƙara ruwa a rijiya, ba ta kuma tace shi. Abin da ke ciki shi take tsarewa, mai kyau ne ko gurɓatacce.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1935 likitoci suka bayyana rufe kafar hawaye ta hanyar ƙona bakinta. A 1975 wani likitan ido na Amurka, Jerre Freeman, ya fito da matoshin silikon wanda ake iya cirewa, kuma siffarsa ce tushen mafi yawan waɗanda ake amfani da su yau. Akwai na kolajin, wanda yake narkewa da kansa cikin kwanaki, ana sanya shi don gwaji. Akwai wanda yake ɗaukar makonni ko watanni kafin ya narke. Akwai na silikon mai ɗan kai da ake gani a bakin kafa, akwai kuma wanda ake turawa can cikin hanyar, ba a ganinsa sam.

Abin da ake iya daurewa

Jin kamar akwai wani abu a lungun ido cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki bayan aikin abu ne da aka saba gani. Naman wurin yana da laushi, an ɗan buɗa shi, baƙon abu ya zauna a ciki. Haka nan ɗan ƙarin ruwa a ido, domin dama abin da aka nema ke nan. A wannan mataki haƙuri yana da amfani, kuma akwai abubuwan da suke taimaka masa.

Na farko, a kiyayi murza ido, musamman lungun da ke kusa da hanci. Murza na iya fitar da matoshin, ko ta tura shi ciki. Wanke fuska da alwala ba su da illa idan an yi su da sassauci. Na biyu, a ci gaba da ɗiga maganin jiƙa ido kamar yadda likita ya tsara, kuma wanda yake ɗigawa fiye da sau huɗu a rana ya nemi irin wanda ba shi da sinadarin hana lalacewa, domin matoshi yana tsare wannan sinadari a kan ido kamar yadda yake tsare hawaye, shi kuwa yana ƙara fusata idon. Na uku, tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi, a ɗora kan rufaffen ido na minti biyar zuwa goma, yana narkar da man da ya daskare a bakin fatar ido.

Sauran kariyar ta muhalli ce. Mai hawa babur tsakanin Gumel da Gagarawa yana bukatar tabarau mai rufe gefe. Mai shiga kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, inda kofato dubbai suke tayar da ƙura, haka. Mai girki da itace ta nemi inda hayaƙi yake fita. Ma'aikacin ofis da malamin Kwalejin Ilimi ta Gumel su tuna cewa mai kallon kwamfuta ko waya yana rage ƙiftawa ƙwarai ba tare da ya sani ba, su kuma kawar da fuska daga iskar fanka. Kwalli, wanda ake zizarawa daidai inda matatsan mai suke buɗewa, ya fi kyau a dakata da shi har ido ya lafa.

Abin da bai kamata a daure ba

Idan mako ya wuce suka ba ta ragu ba, mai yiwuwa matoshin bai dace da girman kafar ba, ko kansa ya ɗago yana gogar farin ido. Wannan ba ya gyaruwa da jira. Cirewa ko canzawa ne maganinsa, kuma ga irin wanda ake gani a waje, aikin ɗan lokaci ne da ƙaramin hantsaki. Idan hawaye ya riƙa kwarara kan kumatu har ya hana karatu ko tuƙi, an toshe fiye da kima. Idan kuma sauƙin da aka samu ya gushe farat ɗaya, sau da yawa matoshin ne ya faɗi, kuma faɗuwarsa na cikin matsalolin da aka fi samu.

Akwai alamun da ba sa jiran ranar kasuwa, balle ƙarshen wata. Kumburi da ja da zafi tsakanin ido da hanci, ko mugunya tana fitowa daga kafar, alama ce ta ƙwayoyin cuta sun kama hanyar hawaye ko jakarsa. Ɗan jan nama da ya tsiro a bakin kafar yana bukatar a gani. Raguwar gani, tsoron haske, ko farin tabo a kan baƙin ido, sun fi duka gaggawa, domin gyambon baƙin ido na iya barin hakiya cikin kwanaki.

A nan ne haƙurin da Bahaushe yake alfahari da shi yake juyewa ya zama asara. Wanda tafiya Kano ta yi masa nisa yakan tsaya a kemis, kuma maganin da ya fi saurin kwantar da jan ido shi ne mai ɗauke da sitiroyid. Sauƙinsa na gaske ne, haɗarinsa ma haka. A wurin kusan mutum ɗaya cikin uku, ɗiga shi na makonni yana ɗaga matsin cikin ido, wanda shi ne hanyar hawan jinin ido, kuma daɗewa a kansa yana kawo yanar ido. Idan da gyambo a baƙin ido, musamman wanda ƙaiƙayin gero ko tsinke ya jawo lokacin sussuka da shiƙa, sitiroyid yana ba cutar damar ci. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, hawan jinin ido ne na biyu bayan yana wajen haddasa hakan, kuma kashi 84 cikin ɗari na makantar ana iya kauce mata. Garin gyaran gira a rasa ido, in ji masu iya magana, kuma da wuya a sami inda maganar ta fi dacewa.

Tambayar da ta riga matoshi

Yawan rashin jin daɗi bayan matoshi yana farawa tun kafin a sanya shi, wato daga zaɓen wanda za a sanya wa. Bushewar ido iri biyu ce a dunƙule. Akwai wadda ruwan ne ya yi ƙaranci, kamar a cutar da likitan Suwidin Henrik Sjögren ya bayyana a 1933, wadda ta fi kama mata. Akwai kuma wadda ruwan yana nan amma yana saurin ƙafewa saboda matatsan mai sun toshe, kuma ita ce ta fi yawa. Matoshi ya fi amfani ga iri na farko. Idan fatar ido tana da kumburi, hawayen da ke kan idon yana ɗauke da sinadaran kumburin, toshe masa hanya kuwa tsare ido ne cikin abin da yake ƙona shi. Don haka ƙa'ida ita ce a fara magance kumburin.

Arewacin Jigawa yana da wani dalili na ƙari. Jihar tana cikin wuraren da amosanin ido ya daɗe da yin katutu. Cutar tana kama yara, ta maimaita, ta bar tabo a cikin fatar ido, bayan shekaru tabon ya lalata wuraren da suke samar da majina da mai, ya kuma lanƙwasa fatar har gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar. Dattijuwa daga ƙauyen Sule Tankarkar da ta ce tana jin yashi a ido tana bukatar a juya fatar idonta a duba kafin a yi maganar komai. Idan gashi ne yake sukarta, matoshi ba zai taɓa ciwon ba, aikin gyaran fatar ido take bukata.

Hujjar kimiyya ma tana kiran a yi hattara. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2017, wadda ta tattara gwaje-gwaje 18 da suka ƙunshi mutum 711, ba ta sami tabbataccen dalilin da ya nuna matoshi yana rage alamun bushewar ido ba, ta kuma ambaci kwararar hawaye a cikin illolinsa.

Wani zai ce wannan tsoratarwa ce, kuma mutumin karkara ne ya fi kowa bukatar matoshi, tunda kwalbar magani tana da tsada, tana ƙarewa, ba kuma kullum ake samun mai kyau a kusa ba. Maganar tana da nauyi. Ga wanda ruwan idonsa ya yi ƙaranci da gaske, matoshi na iya rage yawan ɗigawa, ya kare baƙin ido, ya mayar masa da karatu da barci. Amma wannan hujja ce ta a kyautata aikin. Wanda ya fi nisa da likita shi ya fi cancantar a fara masa da mai narkewa, a ga yadda idon zai karɓa, musamman da yake idon da ya bukaci toshewa a Janairu yana iya cika ya tumbatsa a Agusta, lokacin da damina ta mayar da laima. Shi ya fi cancantar irin da ake gani a waje, domin wanda aka tura ciki idan ya kawo matsala cire shi na iya kaiwa ga tiyata.

Abin da ya rage a yi

Gyaran ba ya bukatar sabon gini. Duk wanda aka sanya wa matoshi ya fita da kati a hannu, da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da irin matoshin da girmansa, da kafar da aka toshe, da ranar aiki, da alamun haɗari, da lambar da zai kira. Sannan a sami wurin dubawa a cikin masarauta. Tun bayan ƙudurin Majalisar Lafiya ta Duniya na 1998 kan kawar da makantar amosanin ido, an horar da ma'aikatan jinya na ido a Arewa suna yin aikin gyaran fatar ido a asibitocin ƙananan hukumomi. Hannun da ya iya wannan aiki zai iya duba matoshi ya cire shi, idan an ba shi horo kaɗan da madubin ƙara girma da hantsaki. Babban Asibitin Gumel shi ne wurin da ya fi dacewa ya zama mahaɗa ga ƙananan hukumomin huɗu, da layin waya tsakaninsa da likitocin Kano da Dutse.

Kafin a kai can, nauyin yana kan masu ilimi na kowane gida, domin su ne suke raka iyaye asibiti, su ne suke biyan kuɗi, su ne kuma likita yake yi wa bayani. Tambayoyi huɗu sun isa a yi kafin a amince: wane irin bushewa ne, an duba cikin fatar ido da gashinsa, za a fara da mai narkewa, wa zai duba idon idan ya dame shi bayan an koma gida? Idan tambaya ta ƙarshe ba ta da amsa, ya fi kyau a jinkirta aikin har a samo ta.