Kada A Yi Wa Samanja Abin Da Aka Yi Wa Baywatch

Akwai wata magana da take yawo a tsakaninmu a Samaru, har ta kai gidajen kallo na Jushi da Sabon Gari, wai lokaci ya yi da masu shirya finafinan Hausa za su ɗauko tsofaffin wasanninmu na talabijin su mai da su fim na ban dariya, kamar yadda Amurkawa suka yi da nasu wasan mai suna Baywatch. Ni dai ban yarda da wannan shawara ba ko kusa, ga kuwa dalilina.

Shi Baywatch wasa ne da aka fara nunawa a Amurka a 1989, a kan ma'aikatan da ake ajiyewa a bakin teku don su ceci wanda ruwa yake nema ya ci. Tashar NBC ta yar da shi bayan zango ɗaya, aka tashe shi a 1991, ya ci gaba har 2001. Ba wani wasan a-zo-a-gani ba ne, kowa ya san da yawa daga masu kallonsa tsiraicin bakin teku ne ya kawo su. Amma duk da haka yana da ƙashin baya guda, watau mutum ya faɗa ruwa don ya fid da wanda bai sani ba. Duk wanda ya taɓa jin kukan gidan da Kubanni ko Galma ta ci wa yaro da damina ya san wannan aiki ya wuce wasa.

To, a 2017 sai aka mai da shi fim, aka sa Dwayne Johnson da Zac Efron, da Priyanka Chopra ta Indiya a matsayin muguwa. Me suka yi? Suka ture ceton rai gefe, suka cika fim da batsa da farautar masu fataucin ƙwaya, suka mai da tsohon wasan kansa abin ba'a. David Hasselhoff da Pamela Anderson, waɗanda suka yi wasan asali, an ba su ɗan leƙe ne kurum, kamar a kira tsoho wurin biki a tafa masa a sallame shi. Masu sharhin finafinai suka yi masa kaca-kaca. Wannan shi ne abin da ake kiranmu mu kwaikwaya!

Yanzu mu dubi namu. Samanja Mazan Fama, wanda gidajen rediyo da talabijin na Kaduna suka riƙa watsawa tun shekarun 1970, wasan ban dariya ne tun asali, amma dariya ce mai aiki. Usman Baba Pategi Banufe ne, tsohon soja ne kuma, saboda haka Hausar barikin da yake yi ba a baki ya ƙaga ta ba, harshe ne da sojoji 'yan ƙabilu dabam-dabam suke rayuwa da shi. A lokacin da jama'a suke tsoron kaki bayan yaƙin basasa, shi ya nuna musu soja yana da mata, da bashi, da na gaba da shi mai tsawata masa. To, a ba masu camama na yau wannan wasa, mun san abin da za a samu: ƙaton kaki, gwarancin da ba na kowa ba, da rawa da waƙa a lambu. Da tare da Samanja ake dariya, sai a koma shi ake yi wa.

Na san abin da masu wannan ra'ayi za su ce, wai ƙannenmu ba su san wasannin ba, sabuntawa ce za ta tuna musu. Ashe sun manta da bambanci guda babba. Ba'amurke in fim ɗin 2017 ya ɓata masa rai, sai ya koma ya kalli na asali, domin an adana shi, har an wanke hotonsa an sake fitar da shi tas. Mu fa? Je ka nemi Samanja daga farko har ƙarshe, ko Magana Jari Ce da NTA Kaduna ta shirya a shekarun 1980. Abin da yake hannun mai nema a YouTube guntaye ne masu hazo. Kaset kuwa ba ya jure wa zafi da raɓa da ƙura. In aka sabunta wasan da na asalinsa ba ya hannun jama'a, sabon ne zai zauna a kujerarsa, jikokinmu su ɗauka Samanja wani wawa ne kawai.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Fim ɗin Baywatch ya fito a watan Mayu na 2017, a watan Satumba na wannan shekara Allah Ya yi wa Kasimu Yero, ɗan Zariya, rasuwa. Pategi ya bi shi a watan Nuwamba na 2023. Kowane ɗayansu ya tafi da abin da ba a rubuta ba.

Kada wani ya ce ina ƙin sabunta abu ne baki ɗaya. Abubakar Imam kansa ya ɗebo labaru daga Larabawa da Indiya da Turai ya zuba a Magana Jari Ce, talabijin kuma ta ɗauko littafin ta mai da shi wasa, ba wanda ya yi asara, domin littafin yana nan. Sharaɗin ke nan, a fara adanawa tukuna. Sai bango ya tsaya ake yi masa zane.

Hanyar kuwa an riga an share mana ita. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo suka fara. Da ba a buga su littafi ba, yau da me za mu karanta a aji? Saboda haka ina kira ga 'yan ajin ƙarshe, maimakon mu yi ta maimaita jigo da salo a littattafan da aka riga aka tatse, kowa ya nemi wasa ɗaya na Samanja ya rubuta shi kalma da kalma ya zama kundinsa. Wasu su je Kaduna, ga ta nan kusa, su yi hira da sauran 'yan wasa da masu ɗaukar hoto da suke raye. A ajiye abin da aka samu a Laburaren Kashim Ibrahim da Gidan Arewa. Malamanmu kuma, don Allah ku karɓi irin wannan aiki a matsayin bincike, ku rubuta mana takardar shiga gidajen talabijin.

Ranar da ɗalibi a Samaru zai iya zama ya kalli Samanja na ainihi, to, mai son sabuntawa ya zo ya gwada, mu auna shi da na farko. Kafin nan, a bar Mazan Fama ya huta. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace. Wassalam.