Gasar Rikitar Da Mai Karatu Ba Tamu Ba Ce

A shekara ta 1987 Larry Wall, wani Kirista Ba'amurke da ya karanci ilimin harsuna, ya ƙirƙiro Perl, harshen ba kwamfuta umurni. Abin mamaki, daga 1996 zuwa 2000 mujallar The Perl Journal ta riƙa shirya gasa, wanda rubutunsa ya fi rikitar da mai karatu shi ke cin kyauta.

Ga gwanaye wannan wasa ne. Amma 'yan'uwana ɗalibai, kada mu kwaikwaye su, gama abin da ka rubuta bana, wani ne zai gyara shi baɗi. In malamanmu za su shirya mana gasa, ina roƙo a ba ɗan aji ɗaya ayyukanmu ya karanta. Aikin da ya fahimta, shi ya ci.