Wai Tonon Asiri Ta Yi?

Jama'a, a yi adalci mana. Har yau akwai masu ganin baiken Françoise Gilot saboda littafin da ta fitar a 1964 kan zamanta da Pikaso, shahararren mai zanen nan ɗan ƙasar Sifen. Wai ta tona asirin babban mutum. To, wane asiri?

Tana da shekara 21, shi kuma 61, suka haɗu a Faris a 1943. Shekara goma suna tare, ta haifa masa Claude da Paloma, ga shi ita ma mai zane ce. Ya zana fuskarta ba adadi, duniya ta yi ta kallo, ba wanda ya ce uffan. Amma da ta ɗauki alƙalami, sai ga shi a kotu har sau uku don a hana littafin fitowa a Faransa, kuma bai yi nasara ba. Abin takaici, har da marubuta cikin waɗanda suka sa hannu a takardar neman haramta shi. Marubuta fa!

Shi kuwa gogan, a kan 'ya'yan ya huce: ya daina ganinsu har ya mutu a 1973.